Harajin ƙarfe: Wace masana'anta za mu kare, kuma wa zai biya?

Tun ranar 4 ga Yunin 2025, da Donald Trump ya ninka harajin ƙarfe da alminiyam da ake shigarwa Amurka daga kashi 25 zuwa kashi 50, wata magana ta samu gindin zama a bakin wasu masu sharhi a gidajen rediyonmu da shafukan sada zumunta. Wai ga shugaba mai kishin ƙasarsa, saura mu. Wai gwamnatin tarayya ta lafta haraji mai nauyi a kan duk ƙarfen da ke shigowa Najeriya, sai masana'antu su farfaɗo, kamfanin ƙarfe na Ajaokuta ya tashi, matasa su samu aiki. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake wannan magana a Kano, garin da dubban magidanta ke cin abinci da ƙarfen da ba su ne ke narka shi ba, saye suke yi.

Kafin a ce a kwaikwayi Amurka, ya kamata a dubi abin da take karewa. Amurka tana narka ƙarfe kimanin tan miliyan 80 a shekara. Tana da masana'antu da ke aiki dare da rana, tana da wuta, tana da iskar gas mai arha, tana da jiragen ƙasa da ke kai kaya ko'ina. Idan ta toshe ƙofa, akwai wanda zai cike gurbin a cikin gida washegari. Duk da haka harajin bai zo mata a kyauta ba. George Bush ya gwada a 2002, ya janye a Disamban 2003 bayan Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta yanke hukunci a kansa kuma Turai ta yi barazanar ramuwa. Trump ya sa nasa na farko a Maris ɗin 2018, kashi 25 kan ƙarfe da kashi 10 kan alminiyam. Masu narka ƙarfe sun ji daɗi, farashi ya tashi, an ɗauki wasu ma'aikata. Amma masu ƙera motoci da injina da gwangwani, waɗanda suka ninka masu narka ƙarfe yawa nesa ba kusa ba, su suka biya. Wani bincike da masana a babban bankin Amurka suka fitar a 2019 ya nuna cewa harajin da aka sa a wancan lokaci, idan aka haɗa tsadar kayan aiki da ramuwar wasu ƙasashe, ya rage ayyukan masana'antu ne maimakon ya ƙara su. Ƙasar da take da abin karewa ke nan.

Mu fa? An ƙulla kwangilar gina Ajaokuta a 1979 tare da kamfanin Tarayyar Sobiyat. Yau fiye da shekara 40 babbar tukunyar narka tamarta ba ta taɓa hura wuta ba, ga tamar Itakpe a kusa da ita. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince ta biya dala miliyan 496 ga kamfanin da aka ba jinginar wurin aka kuma ƙwace, kuɗin sulhu kawai, ba kuɗin ƙera ko da kusa ɗaya ba. Kamfanin ƙarfe na Aladja da aka buɗe a 1982 ya sha hannu iri-iri. Masana'antun murza rodi na Katsina da Jos da Osogbo, da aka gina domin su riƙa karɓar ɗanyen ƙarfe daga can, an sayar da su. Kamfanin narka alminiyam na Ikot Abasi ya daina aiki fiye da shekara goma, bayan rikicin mallaka da matsalar gas. A 2023 Shugaba Tinubu ya kafa ma'aikatar bunƙasa ƙarafa mai zaman kanta, kuma ministanta Shuaibu Audu ya sha faɗa da bakinsa cewa ƙasar na kashe kusan dala biliyan 4 a shekara wajen shigo da ƙarfe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan wurare da ya durƙushe saboda ƙarfen waje ya yi arha. Rashin wuta, rashin gas, cinikin jingina na son zuciya da shari'o'i marasa ƙarewa ne suka kwantar da su. Ƙarin haraji ba ya maganin ko ɗaya.

Ƙarfen da ake yi a gida yanzu galibinsa rodi ne, daga tarkacen da 'yan gwangwan ke tarawa, ana lodinsa a tirela zuwa masana'antun Ikorodu da Ogijo a narka a dawo mana da shi. Wannan harkar tana da kariyarta tuni, domin doka ta hana fitar da tarkacen ƙarfe waje, kuma nauyin rodi da kuɗin jigilarsa sun isa su sa na waje ya yi tsada. Amma falankin ƙarfe, da naɗaɗɗen ƙarfen da ake murzawa a yi kwanon rufi da bututu, da ƙarfen da ba ya tsatsa, da mai ƙarfin da ake yin haƙoran inji da shi, mafi yawansu ta teku suke zuwa. Ko kamfanonin da ke buga kwano a nan gida ɗanyen kayansu daga waje yake. To harajin a kan waɗannan, wa zai kare?

Na san wanda zai biya. A shiga kasuwar Ƙofar Ruwa da safe a ga masu walda da ke zuwa sayen bututu da falanki, ɗai-ɗai, gwargwadon abin da mai aiki ya ba da kafin alƙalami. A leƙa rumfunan da ke Dakata da Kawaji da gefen titunan Sharaɗa, inda ake ƙera ƙofofi da tagogi, gadajen ƙarfe, tankokin ruwa, baro, injin niƙa, injin casar shinkafa da masussukar masara, garmar shanu da amalanke. Kayan nan ba a Kano kawai suke tsayawa ba. Suna tafiya Jigawa da Katsina da Yobe, suna tsallakawa Maraɗi da Damagaram. Kowace rumfa tana da maigida da yara biyar ko goma masu koyon sana'a, waɗanda ba sa cikin lissafin kowace ma'aikata. Wannan ita ce masana'antar ƙarfen da Kano take da ita a zahiri, kuma ba ta yau ba ce, garin ma ai tarihinsa ya faro ne da maƙeran da suka zo neman tama a gindin Dala. Mai walda ba ya narka ƙarfe. Idan bututu ya tashi, ko dai ya ƙara wa mai aiki kuɗi mai aikin ya fasa, ko ya rage kaurin ƙarfen ya ci amanar sana'arsa, ko ya sallami yara biyu. Duk ukun suna faruwa yanzu haka, tun kafin a ƙara komai.

Ana magana kamar ƙarfe yana shigowa ne salin alin. Akwai harajin bai-ɗaya na ECOWAS da Najeriya ta fara aiki da shi a 2015, mai matakai daga sifiri zuwa kashi 35. Akwai harajin VAT na kashi 7.5. Akwai kuɗaɗen tashar ruwa, da kuɗin tirela na tafiyar kilomita kusan dubu daga Legas, da shingayen da ke kan hanya waɗanda kowane direba ya san adadinsu. Sama da duka akwai darajar naira, wadda tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta mayar da kowane kaya na waje abin da sai an yi shawara kafin a taɓa. Faɗuwar naira kaɗai ta yi wa ƙarfen waje abin da babu harajin da zai yi masa. Idan tsadar na waje ce ke haifar da masana'anta, da yanzu hayaƙi ya turnuƙe Challawa da Bompai.

Mun ma riga mun gwada. A Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya fitar da jerin kaya 41 da ya hana wa dalar gwamnati, kuma a cikinsu akwai kwanon rufi, rodi, kusa, waya, falankin ƙarfe, har da baro da kwanon ɗaukar kankare. Shekara takwas dokar ta yi kafin a ɗage ta a Oktoban 2023. A cikin shekarun nan takwas, wace sabuwar masana'antar narka tama ce ta tsaya da ƙafarta? Abin da kowa ya gani shi ne masu shigo da kaya sun koma kasuwar canji ta bayan fage, farashi ya hau, mai ginin ɗaki biyu a Rijiyar Zaki ko Gunduwawa ya bar gininsa a linta yana jiran ranar da zai iya sayen bandir ɗin kwano.

Mu Kanawa bai kamata a ruɗe mu da wannan magana ba, domin mun ga yadda ta ƙare da masaƙu. An haramta shigo da atamfa shekara da shekaru. Masaƙun Kano da Kaduna suka ci gaba da rufewa ɗaya bayan ɗaya saboda ba wuta ba baƙin mai, kayan waje kuma suka ci gaba da cika Kantin Kwari ta ɓarauniyar hanya. Haramcin bai ceci ma'aikaci ba, bai ƙara wa baitulmali ba, sai dai ya azurta masu fasa-ƙwauri da waɗanda ke ɗauke musu kai. Ƙarfe ya fi atamfa nauyi, gaskiya ne, amma kusa da waya da makullai da ƙananan kayan gini ba su fi ƙarfin motar da ke ratsa daji da dare ba. Kuma a tashar ruwa akwai wata hanyar da ta fi wannan sauƙi: takardar sassauci ga manyan kamfanoni da 'yan kwangilar da ke da ƙafa a Abuja. Babba zai samu afuwa, ƙaramin ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa ya biya cikakke. Haka aka saba, kuma ban ga abin da zai sa wannan karon ya bambanta ba.

Masu kawo misalin siminti, wanda aka taƙaita shigo da shi don kare na gida, su fara tambayar magina nawa suke sayen buhu kafin su kira shi nasara. Masu cewa China za ta juye mana ragowar ƙarfenta kuwa, gaskiya suka faɗa, sai dai sun fahimce ta a baibai. China tana narka fiye da rabin ƙarfen duniya, kimanin tan biliyan ɗaya a shekara, kuma a 2024 ta fitar da fiye da tan miliyan 100. Yanzu da Amurka ta ƙara tsawon katangarta, wannan kaya zai nemi wata kasuwa, farashinsa zai sauka. Ga ƙasar da ke narka ƙarfe wannan barazana ce. Ga ƙasar da ke buƙatar gadoji da layin dogo da turakun wuta da rumbunan hatsi da miliyoyin gidaje, kuma ba ta narka abin da za ta yi su da shi, wannan dama ce da ba kullum take zuwa ba. Idan tsoron shi ne a kawo mana mara inganci, wannan aikin hukumar kula da ingancin kaya ta SON ne, ta gwada kaya a tasha ta mayar da na banza. Kuma ta fara da rodin gida da ake rage wa kauri, wanda injiniyoyi suka daɗe suna kuka da shi duk lokacin da bene ya rufta.

Akwai wata asarar da masu kiran haraji ba sa ambata ko kaɗan. Duk lokacin da ƙarfe da jan ƙarfe suka yi tsada, kilon gwangwan ma tashi yake. Mafi yawan masu wannan sana'a halaliyarsu suke nema, amma ɓarayi ma suna bin farashi. Wayar taransifoma, murfin kwata, ƙarfen gada, turakun fitilun titi, famfon masallaci, duk sun zama abin hari a unguwanninmu. Wanda ya ƙara wa ƙarfe tsada da gangan ya ƙara wa ɓarawon waya lada, unguwa kuma ta kwana a duhu tana karo-karon gyara.

Duhun nan shi ne asalin maganar. Narka ƙarfe da alminiyam wuta ce zalla. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 da ke raba megawat dubu huɗu zuwa biyar ba ta da abin da za ta ce a kasuwar ƙarfe ta duniya, ko da ta sa haraji kashi ɗari. A Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit. A Oktoban shekarar kuma yawancin Arewa ta shafe fiye da mako ba wuta bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. A waɗancan kwanakin masu walda a Kano zaman dirshan suka yi, wanda ke da janareta kuma ribarsa ta tafi a man dizal. Ban ji waɗannan masu sharhi sun yi zafi a kan haka kamar yadda suke yi yau a kan haraji ba. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano (AKK) mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara a 2020 da alkawarin zai kawo gas har Kano, shi ne abin da ya cancanci a riƙa tambayar gwamnati a kansa kowace safiya.

Ba na cewa haraji ba shi da gurbi. Idan za a sa, a sa shi inda muke da hannun da zai yi aikin: ƙofofin ƙarfe da ake shigowa da su a ƙere daga Turkiyya da China, gadaje, baro, tukwane, kayan da yaran Dakata za su iya yi da idonsu a rufe. Ɗanyen falanki da bututu da naɗaɗɗen ƙarfe kuwa a sauke musu haraji ƙasa iyakar abin da yarjejeniyar ECOWAS ta yarda, a soke takardun sassauci na 'yan gata, a sa tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023 ta yi aikin da aka gina ta dominsa, kaya su zo ta jirgin ƙasa a sauke su a nan. Ranar da Ajaokuta ko wani kamfani ya fara fitar da falanki da gaske, sai a zauna a yi maganar kariya, mai wa'adi, mai sharaɗi.

'Yan majalisar tarayya da Kano ta tura Abuja su ne ya kamata su fara faɗar wannan, tare da ƙungiyoyin masu walda da 'yan kasuwar kayan gini, tun kafin a rubuta takardar manufofin kuɗi ta gaba. Manyan kamfanoni suna da lauyoyi da masu kai musu magana ofis-ofis, kuma suna halartar duk zaman da ake yanke adadin haraji. Masu sayen bututu ɗai-ɗai a Ƙofar Ruwa ba a taɓa gayyatarsu ba, sai dai su je kasuwa su tarar farashi ya canza.