Ranar da na yi wa Kanta alaimen da tef ɗin ɗinki

Bayan na sayo sababbin tayirod (ƙarafan da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba) a Ƙofar Ruwa an ɗaura wa motata ƙirar Kanta, bakanike ya ce in wuce wajen masu alaimen, wato saita tayoyi, ni kuwa na ga babu dalilin biyan kuɗi a kan aikin da bai wuce awo ba. Na dawo gida, na ari tef ɗin ɗinkin uwargida, na sa ƙanena ya riƙe ɗaya bakin. Ƙa'idar ba ta da wuya: a auna tsakanin tayoyin gaba ta fuskarsu, a sake aunawa ta bayansu, gaban ya fi matsewa da milimita 2 ko 3, sannan a ɗaure noti.

Baba direba, wanda ya shekara fiye da talatin yana jan tirela tsakanin Kano da Legas, yana zaune a bencinsa yana kallo. Ya ce, "Alhaji, da ka sauke ta daga kan jak, ai sai da nauyinta a ƙasa ake awo." Na ce, "Baba, zamani ya canza." Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da ya yi amfani da ita lokacin da na sayi janareton nan, wanda har yau yake tambayata lafiyarsa a gaban mutane, alhali shi ma yana cajin wayarsa da shi.

Abin da ban lura ba shi ne tef ɗin tela yana miƙewa, kuma ƙanena yana jansa da ƙarfi kamar mai ɗaure buhu. Na tayar da mota bayan la'asar, daidai lokacin da majalisa ta cika. Ban yi nisa ba tayoyin suka fara ƙara kamar ana yanka akuya, sitiyari ya karkace, ina nufin titi motar tana nufin teburin mai shayi. Na murza dama ta ƙi, na murza hagu ta wuce gona da iri, har tayar gaba ta sauka cikin kwata a hankali, cikin natsuwa, yadda kowa ya sami damar gani sosai. Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Baba ya taso da sandarsa, ya zagaya motar sau biyu, ya tsuguna ya dubi tayoyin da kowacce ta juya wa 'yar uwarta baya, sannan ya ce, "Sannu, Alhaji, ashe zamanin ne ya kawo ka nan."

Samari takwas ne suka ciro ta, kuma kowannensu ya sha shayi da ƙwai a aljihuna. Washegari na kai ta alaimen ɗin. Uwargida har yanzu tana jiran sabon tef, domin wancan ya sha girisi.