Harshen mutum rabin miliyan, da namu na miliyan 50

A wurin da nake aiki, wani babban ɗakin ajiyar kaya da ke kusa da tashar jiragen ruwa a tsibirin Malta, akwai wani dattijo ɗan ƙasar wanda yake riƙe da rajistar kayan da suka shigo da waɗanda suka fita. Wata rana da hutun azahar ina waya da babban wana, muna shawarar ranar da za a kai mahaifiyarmu ganin likita, sai na ce masa, "Yaya, a bari sai Alhamis, in bai yiwu ba a je Juma'a, tunda tafiyar ba ta wuce minti hamsin ba." Ina ajiye wayar dattijon ya matso yana murmushi, ya tambaye ni inda na koyi harshensu, domin su ma il-Ħamis da il-Ġimgħa suke kiran waɗannan ranaku, kuma hamsin ɗinmu ita ce ħamsin ɗinsu. Da na gaya masa cewa da mu da su duk daga Larabci muka samo, sai murmushin ya ɗauke. Ya ce nasu ba Larabci ba ne, harshen Malta ne, da shi ake rubuta dokar ƙasarsu, da shi alƙali yake yanke hukunci, kuma Tarayyar Turai tana fassara dokokinta zuwa cikinsa. Daga nan ya tambaye ni, ba da nufin cin fuska ba, da wane harshe ake rubuta dokokin ƙasarmu. Amsar da na ba shi, wato Turanci, gaskiya ce, amma ta yi mini ɗaci a baki.

Wanda bai taɓa zuwa Malta ba zai yi wuya ya gane irin ruɗanin da kunnen Bahaushe yake shiga a nan. Ƙasar ba ta wuce murabba'in kilomita 316 ba, tana tsakiyar tekun Bahar Rum, ƙasa da kilomita 100 daga Sisili, kuma mutanenta sun ɗan haura rabin miliyan. Gidajenta na dutse ne mai launin ƙasa-ƙasa, da barandar katako a rufe wadda aka shafa wa kore ko shuɗin fenti, kusan kowace kusurwar titi da mutum-mutumin wani waliyyin Kirista, kowane ƙauye kuma da cocinsa mai ƙatuwar ƙubba wadda ta fi ƙarfin yawan mutanen ƙauyen. Duk abin da ido yake gani Turai ne na mabiya Katolika. Amma allon sunan titi yana farawa da Triq, garuruwan suna amsa sunaye irin su Mdina da Rabat da Marsa, tsohuwar da ta fito daga coci tana kiran Ubangiji da sunan Alla, azumin da suke yi kafin Ista sunansa Randan, shi kuma bikin Istan Għid. Mutumin da zai gaishe ka da bonġu ta Faransawa, ya yi maka godiya da grazzi ta Italiyawa, ya ba ka haƙuri da Turanci, shi ne zai ƙirga maka kwalaye yana cewa tlieta, erbgħa, ħamsa, sitta.

Tarihin da ya haifar da wannan gauraye a bayyane yake. Larabawa sun ci tsibirin a shekarar 870, kuma irin Larabcin da ake yi a Sisili da arewacin Afirka shi ne ya zauna a bakin mazauna wurin. Normawa, Kiristoci 'yan asalin arewacin Faransa, suka karɓe shi a 1091, a ƙarni na 13 aka kori Musulmi ko aka tilasta musu sauya addini, sai harshen ya yanke daga Alƙur'ani da makaranta da duk abin da yake riƙe sauran karin Larabci kusa da tushensu. Daga 1530 zuwa 1798 mayaƙan Kirista na ƙungiyar Yohanna suka mulki ƙasar, Faransawa suka yi shekara biyu, Ingilishi suka zauna daga 1800 har zuwa 'yancin kai a 1964. Tsawon waɗannan ƙarnuka Italiyanci ne harshen kotu da coci da masu ilimi, na ƙasa kuwa ana yi masa kallon harshen ɗakin girki. Da masana suka ƙidaya kalmomin babban ƙamus ɗinsu, sun tarar kusan rabi daga Italiyanci da harshen Sisili suka fito, kusan kashi ɗaya cikin uku daga Larabci, kashi kaɗan kuma daga Turanci. Abin lura shi ne yadda kalmomin suka rabu gida-gida: na jiki da iyali da gona da ƙidaya da ƙananan kalmomin da ke ɗaure jimla Larabci ne, na shari'a da mulki da fasaha Italiyanci ne, na injuna da ofis da intanet Turanci ne. Kowane rukuni yana nuna wanda yake riƙe da wannan fanni na rayuwa a lokacin da kalmar ta shigo.

Mu ma haka namu yake, sai dai a juye. Su Larabci ne ƙashin harshensu, Italiyanci rigar da aka ɗora masa, mu kuwa ƙashinmu na dangin harsunan Cadi ne, Larabci ya zo mana daga sama ta hannun malamai da fatake tun wajen ƙarni na 14, lokacin da Wangarawa suka iso Kano. Kakanninmu gomiya biyu da gomiya uku suke cewa kafin ashirin da talatin su ture su, kuma ba wanda ya kafa dokar a daina, ciniki da lissafin malamai ne suka yi aikinsu. Galadima da Ciroma da Yarima sun zo daga Barno a zamanin da Barno ce mai faɗa a ji, agogo da ashana da keke sun biyo hanyar kudu ta bakin Yarabawa, sannan iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba mu har a baki, inda na Najeriya yake cewa mota da makaranta, ɗan'uwansa na Nijar yana cewa mato da lakwal. Duk wanda ya ce yana neman Hausa tsantsa wadda ba ta taɓa aro ba, to sai ya ajiye littafi da alƙalami da lokaci da labari tukuna.

Akwai wani abu da ya fi aron kalmomi muhimmanci, kuma a nan ne nake ganin Hausa ba ta da abin jin kunya a gaban kowa. Harshen da yake da rai yana karɓar baƙuwar kalma ya lanƙwasa ta ta bi ƙa'idarsa. Mutanen Malta sun ari skola daga Italiyanci suka yi mata jam'i irin na Larabci suka ce skejjel, suka ari kamra suka ce kmamar. Mu ma mun ari ofis muka ce ofisoshi, direba ya zama direbobi, mota ta zama motoci kuma muka yanke mata hukuncin cewa mace ce. Muddin nahawu yana cin baƙo haka, aro ba ya kashe harshe, kuma Malta hujja ce a kan wannan, domin harshen da ya ari fiye da rabin kalmominsa yana nan da ransa bayan shekara fiye da dubu.

Inda muka rabu da su shi ne matsayi, kuma abin takaicin shi ne daga wuri ɗaya muka tashi. A 1934 ne Ingilishi suka cire Italiyanci daga kotunan Malta suka ɗora harshen ƙasa tare da Turanci a matsayin harsunan hukuma, ba don suna ƙaunarsa ba, sai don suna tsoron tasirin Italiya ta Mussolini a kan masu ilimin tsibirin. Irin wannan lissafi suka yi a Arewacin Najeriya, inda suka fifita Hausar boko a kan Larabci da ajami domin su rage dogaro da malaman da ba su amince da su ba: makarantar Ɗan Hausa ta buɗe a Kano a 1909, ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, majalisar Jihar Arewa a Kaduna kuma tana muhawara da Hausa da Turanci. Mutanen Malta sun karɓi abin da aka ba su don wata manufa suka riƙe shi da hannu biyu. Tsarin mulkinsu ya ce harshen Malta ne harshen ƙasa da na kotu, kuma idan rubutun doka na Turanci ya saɓa da na harshen ƙasa, na ƙasa ake bi. Da suka shiga Tarayyar Turai a 2004 da harshensu suka shiga. Mu kuwa tun da aka raba jihohi a 1967 Hausa take ja da baya a harkar hukuma. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce za a yi aikin Majalisar Tarayya da Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace, kuma har yanzu tanadin ake jira. Talaka zai yi shari'arsa da Hausa a gaban alƙali, amma da zarar ƙara ta hau sama sai an juya maganarsa zuwa harshen da ba ya ji.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Malta harshe ɗaya gare ta, Najeriya tana da fiye da 500, saboda haka ɗaga ɗaya a bar saura ba ƙaramin rikici ba ne. Na kuma san cewa abin da muke kuka Turanci yana yi mana, Hausa ta yi wa wasu: harsunan Auyokawa da Shirawa da Teshenawa sun ɓace a ƙasar Jigawa, wasu da dama a Bauchi da Filato suna kan hanya, jikokin masu su Hausa suke yi. Sai dai ni ban ga inda aka ci tarar wani yaro don ya yi harshen kakarsa maimakon Hausa ba, kasuwa da aure da zaman gari ne suka ja mutane, alhali a makarantun kuɗi na biranenmu ana hukunta yaro don ya yi Hausa a cikin aji. Su ma mutanen Malta ba su tsira gaba ɗaya ba. A unguwannin masu hali irin su Sliema akwai gidajen da Turanci kaɗai ake yi wa yara, jami'arsu da Turanci take koyar da yawancin darussa, lambar waya da kuɗi da shekaru da Turanci suke faɗarsu kamar yadda samarinmu suke yi, kuma baƙi irina, waɗanda ƙidayar 2021 ta nuna sun haura kashi ɗaya cikin biyar na mazauna ƙasar, yawancinmu ba mu damu da koyon harshen ba tunda Turanci yana biya mana buƙata. Duk da haka, yaron da ya tashi a nan ya san cewa harshen kakarsa yana iya kai shi kujerar alƙali ko ofishin fassara a Brussels, wannan sanin kuwa shi ne abin da yaronmu ba shi da shi.

Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ji manyanmu suna ɗora wa matasa laifin Ingausa, kamar su ne suka ƙirƙiri halin da suka tsinci kansu a ciki. Yaron da aka koya wa lissafi da kimiyya da Turanci, aka yi masa jarrabawa da Turanci, aka tantance shi wurin neman aiki da Turanci, takardar asibiti da ta banki duk Turanci, ba zai dawo gida da yamma ya sauya baki don a ce masa ɗan halak ba. Bakinsa yana bin inda abincinsa yake, kamar yadda bakin kakansa ya bi malamai da fatake. Yawancin masu wannan faɗa kuma su ne suke alfahari a taron biki cewa 'ya'yansu ba su iya Hausa sosai ba, sa'an nan idan mu da muke waje muka kawo namu hutu, su ne na farko da za su yi dariyar karin harshensu. Harshen da BBC take watsa shiri da shi tun 1957, wanda fiye da mutum miliyan 50 suka sha a nono, ba kalmomi ya rasa ba, masu iko da shi ne suka ƙi ba shi aikin yi.

A gidana Hausa ake yi, kuma ba na hana yarana cusa kalmar Turanci ko ta Malta idan ta zo musu a baki, tunda rayuwar da suke yi ke nan. Abin da nake tsayawa a kansa shi ne nahawu. Ƙaramar 'yata ta fara cewa "mota ya zo" da "Mama ya ce", kuma wannan ba na bari ya wuce, domin ta nan Hausar zangon Kumasi da Akara ta bi, inda 'ya'yan fatake da sojoji suka tashi a tsakiyar masu wasu harsuna har bambancin namiji da mace ya zube daga maganarsu. Ban raina Hausar Gana ba, ta rayu fiye da ƙarni guda a ƙasar da ba tata ba. Amma a can akwai unguwa da masallaci da kasuwa da suke riƙe da ita, a nan kuwa daga ni sai mahaifiyarsu sai wayar da suke yi da kakarsu ranar Juma'a, ga kuma makarantar gwamnati da take koya musu harshen Malta a matsayin darasi na dole, har babban ya fara gyara mini furuci idan na karanta allon titi.