Akwati ba ya faɗin irin tsohuwar rediyo

Masu tara tsofaffin rediyoyin bawul, waɗannan kwalaben gilashi da ke ƙara ƙarfin sauti, sukan duba akwati da lambar da ke jikinsa su ce sun gane irin. Wannan kuskure ne. Kamfani yakan sa ciki ɗaya a akwatuna daban-daban, kuma yakan canja ciki ya bar lamba yadda take. Shi ya sa a da kamfanin rediyo na Philco yakan ƙara wata lamba a gefe, kamar 121 ko 122.

A juya bayan rediyon a karanta lambobin da ke jikin bawul ɗin kansu. A ƙananan rediyoyin Amurka masu bawul biyar, na wajen 1940 suna ɗauke da 50L6 da 35Z5, masu gindin ƙafa takwas. Na baya suna da ƙanana masu ƙafa bakwai, 50C5 da 35W4. Lambar farko, kamar 50 a 50C5, ƙarfin wutar (volt) da bawul ke buƙata ce don ya yi zafi. Sauran ukun masu 12 kowanne, da 50, da 35, sun tashi volt 121, kusan wutar gidan Amurka, don haka babu taransifoma a ciki.

Wannan ne abin da ya fi damuna: ƙarfen cikin irin wannan rediyo yana iya ɗaukar wuta. A cire shi daga soket kafin a taɓa.