Yadda ayaba da tuffa suka haɗa mini kai

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itatuwa da ganyaye a rana, a raba shi kashi biyar, kowane kashi giram 80. Giram 80 ɗin nan ba wani abin azo a gani ba ne: ayaba ɗaya matsakaiciya, ko tuffa ɗaya, ko lemo ɗaya, ko yankan gwanda, ko cikin tafin hannu na inabi. Kuma biyar ɗin har da ganyaye, ke nan 'ya'yan itace biyu ko uku sun wadatar. Ni da na karanta, sai na tsallake zancen ganyayen, na yi lissafina na masu wayo: idan biyar na kawo lafiya, ai goma sai ta kawo ƙuruciya.

Na shigo gida niƙi-niƙi da kaya. Uwargida ta dube ni, ta dubi ledojin, ta ce, "Maigida, lafiya muke nema ko shago za mu buɗe?" Ban kula ta ba. Na juye komai a babban kwano ɗaya, ayaba a sama, tuffa a gefe, mangwaro da gwanda a ƙasa, na kawo leda na rufe ruf saboda ƙuda.

Ayaba da tuffa suna fitar da wata iska mai suna etilin, wadda ke nunar da irin su mangwaro da gwanda idan suna kusa da su. Idan aka rufe su da leda, iskar ba ta da hanyar fita, sai ta taru ta yi aikin mako guda cikin ɗan lokaci. Wata safiya na ɗaga ledar, na tarar kowa ya nuna lokaci ɗaya. Ayaba ta yi ɗigo-ɗigo, gwanda ta yi luguf har yatsa na nutsewa, mangwaro ya fara zubar da ruwa, ƙananan ƙudajen nan kuma sun riga sun kira danginsu. Asara ba ta cikin tsarina, don haka na zauna na fara ceton dukiyata da baki.

Ciki kuwa ba ya son a yi masa ba-zata. A cikin 'ya'yan itatuwa akwai fayiba, wato harzan nan da ciki ba ya narkarwa. Babban mutum na buƙatar kamar giram 25 a rana. Ayaba ɗaya na da kusan uku, tuffa da ɓawonta kusan huɗu, gwaba kuwa, in nauyinsu ɗaya, ta fi su duka. Wanda ya saba da kaɗan, ya wayi gari ya ninka, to ƙwayoyin halittar da ke zaune a babban hanji su za su karɓi rarar, su ruɓar da ita, abin da ke fitowa kuma iska ce. Ga tuffa da mangwaro da kankana, masu yawan sukarin furuktos wanda hanjin wasu ba ya iya tsotsewa duka. Tuffar ma ta ƙara da sobitol, mai jawo ruwa cikin hanji. Ni kuwa duk na tara su a cikina kafin ƙarfe tara.

Muna tsakiyar taro a wurin aiki, shugaba ya gama jawabi ya ce, "Akwai mai ƙarin bayani?" Cikina ya amsa. Ƙugi ne mai tsawo, ya fara da ƙaramar murya, ya hau, ya ɗan dakata, sannan ya ƙarasa da alamar tambaya. Na kusa da ni ya matso ya raɗa mini, "Malam, ka sa wayarka a shiru mana." Na laluba aljihu na danna wayar don in rufa wa kaina asiri, sai cikin ya sake magana. Fitar da na yi daga ɗakin nan, ko gudu ba za a kira ta ba, ko tafiya.

Da na dawo gida sai na sauya dabara: abin da baki ya kasa, bilanda za ta iya. Na markaɗa abarba da madara, na ajiye a firij don in sha da dare. Kurɓa ɗaya na yi na furzar, ya guntse ya yi ɗaci. Abarbar da ba a dafa ba na da sinadarin biromelin mai farfasa furotin, shi ya wargaza madarar, kuma shi ne ke sa harshe ya yi zafi idan an ci abarba da yawa. Zafin wuta na kashe shi, shi ya sa ta gwangwani ba ta wannan ɓarnar. Na koma matse lemo, kofi ɗaya ya lashe kusan lemo uku, sukarinsu ya shiga kofin, harzansu ya tafi kwandon shara. Hukumomin lafiya na Birtaniya ma sun ce ruwan 'ya'yan itace mililita 150 kawai ake ƙirgawa a matsayin kashi ɗaya, ko da tulu mutum ya sha.

Sauran ayabar na tura firij. Washegari autana ya buɗe ya ƙwala kira, "Baba, ayabarka ta ƙone!" Sanyi ne ke baƙanta ɓawon, cikin yana nan lafiya lau, amma babu yaron da ya yarda ya taɓa.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, uwargida ta kai mata ƙarata. Sai da ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Yaya, a hankali ake yi. Ƙara kashi ɗaya, ka ba cikin kwanaki ya saba, ka sha ruwa sosai, sannan ka ƙara wani." Ta ce in riƙa sayen wasu nunannu, wasu ɗanyu, in raba ayaba da tuffa da sauran, abin da aka yanka kuma ya shiga firij kafin awa biyu. Busassu irin su zabibi giram 30 ne kashi ɗaya, wato cokali babba a cike, ba kwano ba. Bayan shan lemo a kurkure baki da ruwa, a jira rabin awa kafin a goge haƙora, don tsamin yana tausasa bayansu. Da ta ga ina murmushi sai ta haɗe rai, ta ce mai shan wasu magungunan hawan jini ko na rage kitse a jini ya tambayi likita kafin ya taɓa garehul, wato babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci, mai ciwon ƙoda kuma kada ya afka wa ayaba saboda fotasiyam.

Ragowar ayabar uwargida ta ɓare, ta yayyanka, ta daskarar da ita a firiza, tana fito mini da ita kaɗan-kaɗan kamar magani. Ta kuma kafa doka cewa ba ni ba zuwa sayayya ni kaɗai. Yanzu autan ake haɗa ni da shi, an ba shi umarnin ya ƙirga abin da na ɗauka, in ya wuce biyar ya kira gida.