Ra'ayin mazan jiya a Ingila da "haka muka gada" a Arewa

Duk wanda ya zauna a Ingila yana bin muhawarar 'yan siyasarta zai ga cewa masu ra'ayin mazan jiya a nan suna da hujjar da suka daɗe suna kafawa. Tushenta Edmund Burke ne, ɗan majalisar Birtaniya haifaffen Dublin, wanda ya soki juyin juya halin Faransa tun a 1790. A ganinsa hankalin mutum ɗaya, kome kaifinsa, bai kai abin da al'umma ta tara cikin ɗaruruwan shekaru na gwaji da kuskure ba. Wannan ilimi yana ɓoye ne cikin al'ada, da dokar gado, da kotu, da majalisa, ko da ba wanda zai iya zayyana dalilin kowanne. Saboda haka wanda ya zo rushewa shi ne zai kawo hujja. Ya kuma yi hasashen cewa rikicin Faransa zai ƙare a hannun wani janar na soja, sai ga Napoleon a 1799.

Akwai rabin maganarsa da mutanenmu ba su cika ji ba. Burke ya ce ƙasar da ba ta da hanyar gyara kanta ba ta da hanyar tsira. Dubi yadda aka yi da Majalisar Dattawan Birtaniya. A 1911 aka ƙwace mata ikon hana dokar kuɗi, sauran dokoki kuma sai dai ta jinkirta su shekara 2. A 1949 aka rage jinkirin zuwa shekara 1. A 1958, ƙarƙashin gwamnatin mazan jiya, aka fara naɗa wakilan da kujerarsu ba ta gado ba ce, har da mata. A 1999 aka sallami mafi yawan masu kujerar gado, aka bar 92. Kowane mataki sai an ga abin da ya haifar kafin a ƙara wani.

A Arewa mun sami mai irin wannan tunani. A 1950 Abubakar Tafawa Balewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e tun daga cikinsa, a shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano don ƙwato wa talaka 'yanci. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma an yi nawa wajen gyaran. Da sojoji suka zo sai suka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe sauran ikon, dokar filaye ta 1978 ta miƙa ƙasa ga gwamnoni. An rage zalunci, wannan gaskiya ne. Amma dagacin da ya san iyakar kowace gona, da inda burtali ya bi, da baƙon da ya sauka a gidan wane, an bar shi da rawani ba hurumi, kuma ba a samar da wanda zai riƙe wannan sani ba. A nan ina tare da Burke ɗari bisa ɗari.

Inda na rabu da shi shi ne inda Thomas Paine, marubucin da ya mayar masa da martani, ya kama shi a 1791: da wane haƙƙi matattu za su ɗaure rayayyu? Daɗewar abu ba ta nuna ko hikima ce ta riƙe shi ko kuwa ƙarfin masu cin moriyarsa. Cinikin bayi ma gado ne. Da Birtaniya ta soke bauta a 1833, fam miliyan 20 ta ware wa iyayengijin bayi, bayin ba su sami ko sisi ba, aka ma tilasta musu ci gaba da aiki har 1838. Mu ma muna da namu. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, matan Arewa sai a 1976 aka ba su dama, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan fafutuka. Haraji da jangali sai a 1979 Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a Kano da Kaduna. Mai cewa a bi sannu a hankali galibi ba shi ne ke biyan kuɗin jiran ba.

Abin da ya sa gyaran sannu-sannu ya yi aiki a Ingila shi ne tun daga dokar zaɓe ta 1832 ake ta faɗaɗa masu ƙuri'a, don haka wanda al'ada ke dannewa yana da inda zai kai kuka a ji shi. Idan za a maido wa masu unguwanni da dagatai aikin rajistar filaye da sasanta manoma da makiyaya, kuma ina ganin ya kamata, to a rubuta huruminsu a doka, a biya su albashin da zai riƙe su, a kuma buɗe wa manomin da aka zalunta hanyar ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ba ta ƙarƙashin hakimi.