Ɓera Bai Mutu Ba, Sai Aka Ce Magani Ba Shi da Illa

Na sake cin karo da irin labarin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wai masana sun gano cewa ruwan da aka tatso daga ganyen wata bishiya yana maganin ciwon sukari, kuma an tabbatar "ba shi da wata illa ga jiki". Kafin rana ta faɗi labarin ya zagaya wayoyin jama'a, kowa na tura wa ɗan uwansa da ke fama da cutar. Duk lokacin da na bi sawun irin wannan labari har zuwa takardar binciken da aka ɗauko shi daga ciki, abu ɗaya nake tararwa: ɓeraye aka yi wa gwajin, babu mutum ko ɗaya da ya sha abin a gaban likita.

Ba gwajin ɓera nake ƙi ba, domin da shi kusan kowane magani yake fara tafiyarsa. Abin da nake ƙi shi ne jimlar nan ta "ba shi da illa", wadda ake ɗora wa gwajin da bai isa ya ɗauke ta ba. Mai karatu ya kamata ya san yadda ake samo ta. Akwai wata hanya da masani Dietrich Lorke ya wallafa a 1983, wadda masu binciken tsirrai suka riƙe hannu bibbiyu saboda ba ta cin dabbobi da yawa. Da ɓeraye 12 ko 13 ake yin ta. A ba kowanne abin da aka tatso sau ɗaya, a fara da kaɗan a riƙa ƙara wa na gaba har miligiram 5,000 ga kowane kilogiram na nauyin jiki, sannan a zuba ido na awa 24 a ga ko za su mutu. In ba su mutu ba, sai a rubuta cewa tsiron ba shi da guba. Iyakar abin da wannan gwaji ya nuna shi ne, shan abin sau ɗaya bai kashe 'yan ɓeraye a cikin yini guda ba. Bai ce komai ba a kan hantar mutumin da zai sha shi safe da yamma har wata shida. Bai ce komai ba a kan ƙoda, ko ɗan tayin da ke cikin mai juna biyu, ko ciwon dajin da zai iya ɓullowa bayan shekara goma. Lorke kansa bai tsara hanyar don amsa waɗannan tambayoyi ba.

Wanda ke ganin na cika tsanani ya tuna da thalidomide. An fara sayar da shi a Jamus ta Yamma a 1957 a matsayin maganin barci, kuma babban abin da aka yi ta tallarsa da shi shi ne cewa an kasa samun adadin da zai kashe ɓera. Saboda haka aka sake shi a kasuwa ba tare da takardar likita ba, mata masu laulayin ciki suka riƙa sha. Kafin a janye shi a ƙarshen 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasar hannuwa da ƙafafu. Daga baya aka gano cewa ɓeraye ba sa nuna wannan nakasa yadda zomo da biri da mutum ke nunawa. Amurka ta tsira daga mafi yawan bala'in ne domin wata jami'ar hukumar kula da magunguna, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu har sai an kawo mata hujja mai gamsarwa. Wato hujjar da aka kafa a wancan lokaci, cewa ɓera ya sha bai mutu ba, ita ce dai ake ta maimaita mana yau a kan ganye da saiwa.

A nan ne za a ce mini ai thalidomide sinadarin masana'anta ne, shi kuwa tsiro halitta ce, kuma mutane sun shekara ɗaruruwa suna amfani da shi ba a ji wani ya mutu ba. Wannan magana ita ce ta fi kowace haɗari, kuma labarin wani tsiro mai suna Aristolochia ya isa ya rushe ta. Tsiron nan an daɗe ana magani da shi a Turai da Sin da wasu wurare, har sunansa a harshen Girka yana nufin haihuwa mai kyau, domin ana ba da shi ga mata masu naƙuda. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, aka yi kuskuren musanya wani ganyen Sin da wani nau'in Aristolochia a cikin ƙwayoyin da ake ba mata. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma kan wankin ƙoda ko dashe. Tsugune ba ta ƙare ba. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2000, likitoci sun cire matattun ƙodoji da hanyoyin fitsarin 39 daga cikin majinyatan, suka tarar da ciwon daji a jikin 18. Haka kuma aka gano cewa wannan guba ce ke bayan wata cutar ƙoda da ta addabi wasu ƙauyukan yankin Balkan shekara da shekaru, inda irin tsiron ke gauraya da alkama a gona. Yau hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sinadarin a sahun farko na abubuwan da ke haddasa daji ga mutum.

To me ya sa ƙarni bayan ƙarni ba a gane ba? Domin illar ba ta zuwa a ranar da aka sha. Mai ba da magani yana iya lura da abin da ya sa mutum amai ko gudawa nan take, ya daina ba da shi. Amma in ƙoda ta mutu bayan shekara biyar, wa zai danganta ta da jiƙon da aka sha tun an manta? Daɗewar amfani da tsiro tana tace guba mai saurin kisa ne kawai. Mai kashewa a hankali tana wucewa ba a gan ta ba, kuma ita ce gwajin awa 24 ma ba zai gani ba. Saboda haka in aka haɗa shaidar "kakanni sun sha" da shaidar "ɓera bai mutu ba", makafi biyu aka haɗa, dukansu ba sa ganin rami ɗaya.

Ɓangaren warkarwar ma haka yake. A yawancin binciken ciwon sukari, ana yi wa ɓera allurar alloxan ko streptozotocin, sinadaran da ke kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin a cikin 'yan kwanaki. Wannan ya fi kama da nau'in farko na cutar, alhali fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon sukari nau'i na biyu gare su, wanda ke ginuwa cikin shekaru ta wata hanya dabam. Sannan abin da aka ba ɓeran sau da yawa da metanol ko etanol aka tatso shi, aka busar, aka auna. Mai karanta labari kuwa ganye zai tafasa a ruwa, kuma babu wanda ya san ko sinadaran da suka fito iri ɗaya ne, balle yawansu. Ganyen bishiya ɗaya ma yakan bambanta da irin ƙasar da ta tsiro da lokacin da aka tsinke shi. Mafi muni su ne masu zuba ruwan ganye a kan ƙwayoyin daji a cikin faranti, ƙwayoyin su mutu, a fito a ce an gano maganin daji. Abubuwa bila adadin suna kashe ƙwayoyin halitta a faranti, har da sabulu. Ko magungunan da suka tsallake duk gwajin dabbobi suka kai ga gwajin mutane, kusan tara cikin goma ba sa kaiwa kasuwa, ko don ba sa aiki ko don illarsu ta yi yawa.

Akwai kuma abin da ɓeran ɗakin gwaji ba zai taɓa nunawa ba, domin shi ba ya shan wani magani a gefe. Mara lafiya kuwa yana sha. Tsiron St John's wort, da ake sha a Turai da Amurka don damuwa, ba ya kashe ɓera, amma yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri fiye da ƙima. A shekarar 2000 likitoci a birnin Zurich suka ba da rahoton mutum biyu da aka yi wa dashen zuciya, jikinsu ya fara ƙin sabuwar zuciyar saboda tsiron ya rage ƙarfin ciclosporin, maganin da ke hana jiki ƙin dashe, a jininsu. A shekarar ce kuma aka nuna yana rage maganin ƙanjamau indinavir da fiye da rabi. Yana raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa ma. Mai ciwon sukarin da aka tura wa labarin ganye yawanci yana kan maganin hawan jini ko wani abu, kuma babu layi ɗaya a takardar binciken da ya tambayi yadda za su zauna tare a jiki.

Masu cewa neman gwaji mai tsauri raini ne ga maganin gargajiya ba su da abin faɗa, haka ma masu cewa duk maganin tsiro camfi ne. Kwinin daga ɓawon itacen cinchona aka ware shi a 1820. Metformin, wanda miliyoyin masu ciwon sukari ke sha, asalinsa daga wani tsiro ne mai suna Galega officinalis, kuma sinadarin da ke cikin tsiron kansa ya yi guba da yawa, sai da aka yi aiki a kan danginsa kafin a samu wanda jiki zai ɗauka. Likita William Withering ya shafe kusan shekara goma yana bin majinyatan da ya ba ganyen foxglove, ya wallafa a 1785, ya rubuta waɗanda suka samu sauƙi da waɗanda ganyen ya yi wa lahani, domin tazarar da ke tsakanin adadin da ke taimakon zuciya da wanda ke tsayar da ita 'yar kaɗan ce. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma duk tsiron da ya zama magani na gaske ta wannan ƙofa ya bi.

Dubi Tu Youyou, masaniyar ƙasar Sin da ta gano maganin zazzaɓin cizon sauro na artemisinin, wadda masu tallar ganye ke yawan kafa hujja da ita. Ƙungiyarta ta tattara dubban haɗe-haɗen maganin gargajiyar Sin, ta gwada ɗaruruwan abubuwan da aka tatso, mafi yawa suka fāɗi. Sai a 1971, bayan ta gane cewa zafi yana lalata sinadarin, ta samu samfuri na 191 daga tsiron Artemisia annua, dangin tazargade, wanda ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jikin dabbobi. Ba ta kira 'yan jarida ba. Ita da abokan aikinta suka fara sha da kansu don a ga illarsa, sannan aka kai ga majinyata, aka ware artemisinin, aka san adadinsa. Kyautar Nobel sai a 2015 ta zo. Kuma duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan shan jiƙon ganyen a madadin ƙwayar, domin adadin da ke cikin jiƙo ba shi da tabbas, ƙarancinsa kuma yana koya wa ƙwayar cutar jure maganin. An riga an ga alamun wannan juriya a Kambodiya, daga baya a Ruwanda da Yuganda.

Akwai misalin da ya fi ba ni sha'awa. A shekarun 1950 Robert Noble da Charles Beer a Kanada suka gwada ganyen periwinkle na Madagaska saboda an ce yana maganin ciwon sukari. Bai yi ba. Abin da suka lura da shi shi ne ɓerayen suna mutuwa saboda fararen ƙwayoyin jininsu sun ragu ƙwarai. Da irin masu binciken da nake magana a kansu ne, da sun ɓoye wannan sakamako ko sun canza adadi har sukari ya ɗan sauka. Su kuwa suka bi sawun illar, daga nan aka samu vinblastine, sannan vincristine ya biyo baya, wanda har yau ake yi wa yara masu dajin jini magani da shi.

Laifin nan na masu binciken ne kafin na kowa, kuma ba zan sassauta ba. Sun san iyakar gwajinsu fiye da ni. Sun san ɓera 13 ba sa wanke tsiro. Amma ƙarin girma a jami'o'i da yawa da ƙidayar takardu ake yin sa, ga kuma mujallun da ke buga komai in an biya, sai mutum ya ɗauki ganye yau, saiwa gobe, ɓawo jibi, duk na bishiya ɗaya, ya fitar da takarda uku, kowace ta ƙare da cewa sakamakon ya tabbatar da amfanin gargajiya. Da wuya ka ga wadda ta ce tsiron bai yi aiki ba. Fannin da kusan kowane gwaji ke cin nasara a cikinsa, akwai abin da ake ɓoyewa a ciki. 'Yan jarida kuma su ɗauka su cire kalmar ɓera daga kan labari, mai sayarwa ya buga "bincike ya tabbatar" a jikin kwalba.

Ba abu mai wuya nake nema ba. Editocin mujallu su hana rubuta "ba shi da illa" a kan gwajin yini guda, a rubuta abin da aka gani kawai. Masu ba da kuɗin bincike su zaɓi tsirrai ƙalilan su raka su har gwajin kwana 90 da gwajin mutane, a daina warwatsa kuɗi a kan ɗaruruwan ganyen da ba wanda zai sake waiwaya. Kan labari ya faɗi cewa a ɓera ne. Mutumin da nake tunawa duk lokacin da na ga irin wannan labari shi ne wanda zai karanta a daren nan, ya ajiye allurar insulin ɗinsa, ya tafi neman ganye. In nau'in farko na ciwon sukari gare shi, kwanaki kaɗan ba insulin sun isa su jefa shi cikin suma, kuma sunansa ba zai fito a takardar binciken kowa ba.