Kada ka bari akwatin imel ɗinka ya cika

Assalamu alaikum 'yan uwa matasa, musamman masu neman aiki da masu jiran gurbin karatu.

Akwai gargaɗin da ke fitowa a saman Gmail cewa ma'ajiyarka ta kusa cika. Da yawa daga cikinmu kawar da shi suke yi kamar talla. Don Allah a daina. Ranar da ta cika, ba ka iya tura saƙo, ba ka kuma iya karɓa. Duk wanda ya aiko maka, saƙonsa komawa gare shi zai yi, kuma galibi ba zai shigo ba ko bayan ka samar da wuri, sai dai mai shi ya sake turowa. Wanda ya tura gayyatar intabiyu ga tarin mutane ba zai tsaya neman wanda akwatinsa ya toshe ba. Kai kuma kana nan kana cewa ba a kira ka ba.

Ga abin da ya kamata ka fara ganewa. Google na ba kowane asusu 15 GB kyauta, amma rumbu ɗaya ne ɗakuna uku ke zuba hatsi a ciki: Gmail, Google Drive da Google Photos. Saƙon rubutu zalla ba shi da wani nauyi, dubbansu ba za su cika rumbun ba. Abin da ke cinye wurin, a wajen yawancin matasa, hotuna ne da bidiyo. Tun daga 1 ga Yuni 2021 duk sabon hoton da waya ta ɗora a Google Photos ana lissafa shi cikin 15 GB ɗin nan. Daga farkon 2024 kuma ajiyar hirar WhatsApp ta wayoyin Android ta shiga lissafi. Ka tuna bidiyon biki, na suna, da karatuttukan da ake zubawa a zauruka dare da rana. Idan wayarka na ajiye su, su ne suka tare wa takardar aikinka hanya.

Saboda haka kada ka hau share saƙonni a makance. Buɗe one.google.com/storage, za ka ga nawa kowane ɗaki ya ci. Daga nan sai ka nufi wanda ya fi.

Idan Gmail ne, wurin bincike na sama shi ne makaminka. Rubuta larger:10M, zai fito maka da duk saƙon da ya haura megabait 10. Share guda ɗari na irin waɗannan ya ba ka fiye da 1 GB, abin da share ƙananan saƙonni dubu ba zai ba ka ba. Sai ka gwada has:attachment older_than:2y domin tsofaffin saƙonni masu ɗauke da fayil da suka wuce shekara biyu, sannan category:promotions domin tallace-tallace. Wannan aikin ya fi sauƙi a kwamfuta, domin a nan ne kake iya zaɓar duk sakamakon binciken a lokaci guda. Kada ka manta da saƙonnin da kai ka tura. Duk takardar da ka maƙala wa wani, kwafinta na zaune a asusunka. Amma ka duba kafin ka share. Rasit ɗin kuɗin makaranta, takardun JAMB da na NYSC, wasiƙar ɗaukar aiki, sauke su ka adana a wani wuri tukuna.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure: sun share, sun koma sun ga ma'ajiya ba ta motsa ba. Dalili shi ne abin da ka share yana komawa kwandon shara, wato Trash, ya yi kwana 30 a can, kuma duk tsawon kwanakin ana lissafa maka shi. Sai ka shiga ka zubar da kwandon da hannunka, haka ma Spam. Drive da Photos kowanne da nasa kwandon daban. Danna Archive kuwa ba sharewa ba ne, ɗauke saƙon kawai yake yi daga gabanka, nauyinsa na nan. In ka share abubuwa masu yawa, lissafin na iya ɗaukar kwana biyu zuwa uku kafin ya daidaita, ka yi haƙuri.

Idan hotuna ne, ka yi hattara sosai, domin nan ake asarar da ba ta da magani. Ma'ajiyar waya daban, ma'ajiyar asusu daban. Maɓallin nan na Free up space da ke cikin Google Photos waya yake sauƙaƙa wa, ba ya rage komai a 15 GB ɗinka. Share hoto daga cikin manhajar Google Photos kuma yana iya tafiya da shi daga wayar har da asusun baki ɗaya. Hanya mai aminci ita ce ka fara kwashe hotunan zuwa kwamfuta ko filashi, ko ta takeout.google.com, ka buɗe su ka tabbata sun sauka lafiya, sannan ka share. Bayan haka ka mayar da ingancin ɗorawa zuwa Storage saver, wanda ke matse hoto zuwa megafiksel 16, bidiyo kuma zuwa 1080p. A WhatsApp, shiga saitin ajiyar hira ka kashe haɗawa da bidiyo. Wannan kaɗai kan rage kaya mai yawa.

Sai babbar magana. Ɓarayin intanet sun san mutane na tsoron wannan gargaɗi, shi ya sa suke ƙirƙirar nasu. Za ka ga saƙo cewa akwatinka ya cika, za a rufe shi cikin awa 24, danna nan ka ƙara wuri. Kana dannawa a kai ka shafi mai kama da na gaske, a nemi kalmar sirrinka ko lambar katin banki. Wanda ya samu imel ɗinka yana iya canja kalmar sirrin Facebook ɗinka da duk asusun da ka buɗe da shi. Google ba ya rufe asusu cikin kwana ɗaya saboda cika. Ƙa'idarsu ita ce sai mutum ya shekara biyu a saman iyaka kafin su iya share kayansa. Duk saƙon da ya zo da gaggawa da barazana, kada ka taɓa mahaɗin da ke cikinsa. Rufe shi, ka rubuta adireshin ma'ajiyar, wato one.google.com/storage, da hannunka ka duba.

In ka gyara duka wurin bai ishe ka ba, akwai Google One, wato sayen ƙarin wuri daga Google, yana da tsarin 100 GB da ake biya wata-wata. Sai dai ka sani, ranar da ka daina biya iyakarka za ta koma 15 GB, in kayanka sun haura haka imel ya sake tsayawa. Masu amfani da Outlook, wato imel ɗin Microsoft, su ma su lura: akwatin saƙo 15 GB ne, amma OneDrive na kyauta, wato ma'ajiyar fayil ta Microsoft, 5 GB ne kacal, kuma tun 2023 fayilolin da ke maƙale a saƙonni a cikin wannan 5 GB ɗin ake lissafa su. In ya cika, saƙo ya daina shiga ko da akwatin kansa na da sauran wuri.